Ƙwai a Goshi

Litinin, da la'asar

Yau na faɗo daga kan rufin ɗakina. Na rubuta a nan ne don kada gobe Tela maƙwabcina ya ce daga bene na faɗo. Na san halinsa, ba ya ba da labari sai ya sa masa aljihu da maɓalli.

Ba wanda ya turo ni. Wani direba ne da na yi wa aski jiya ya rantse mini cewa in mutum ya hau sama ya ɗaga waya ya fuskanci inda yake kira, sabis na kamawa. Ni kuwa da na bar makaranta a aji huɗu, duk wanda ya haɗa mini rantsuwa da kimiyya ya gama da ni. Na ari tsanin Tela, mai shago kusa da nawa, na hau. Ana cewa abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To ga babba a kan rufi, bai hango komai ba sai shanyar maƙwabta. Wayar ta faɗi abin da take faɗi tun da aka kwashe su ɗanmu zuwa fagen daga: lambar ba ta shiga. Wajen saukowa ƙafata ta zame, bakin kwano ya tsaga mini ƙwauri, tsaga miƙaƙƙiya irin wadda ni da aska a hannu ba zan iya ba.

Matata, wadda nake kira Gwamnati don ita ke yanke hukunci ni in biya haraji, ta fito ta same ni a ƙasa. Ba ta ce sannu ba. Cewa ta yi, "Ya ɗauka?"

Na ce, "Bai ɗauka ba."

Sannan ta ce, "Sannu. Tsoho da kai."

Ɗanmu muke nema. Soja ne, amma ba na masu harbi ba, na masu ɗauko waɗanda aka harba ne, su tsayar musu da jini su sa su a mota. Dokta nake kiransa don in ba shi haushi. Ya kan ce, "Baba, ni fa ba likita ba ne." In ce a gidan mai aski duk wanda ya iya allura likita ne.

Talata, da hantsi

An ɗinke ni jiya kamar buhu. Amma ba shi zan rubuta ba.

Asibitin sojoji ya cika, don haka yanzu babban asibitin gari ake kawo waɗanda aka raunata. An sa masu gadi a ƙofa, ba mai shiga sai da katin jinya. Yau da na koma wankin ciwo, ina zaune a benci ina jiran layi, motoci biyu suka shigo. Aka yi ta sauke su ana jerawa a baranda, wasu a gado wasu a ƙasa a kan bargo. Yara ne. Wallahi wasu gemunsu bai kai a biya kuɗin aski a kansa ba.

Shekara da shekaru ina kallon goshin mutane, shi ne ofishina. Don haka kafin in ga raunukansu, goshinsu na gani. An yi wa wasu rubutu da baƙin alƙalami mai kauri, lambobi huɗu huɗu.

Na tambayi babbar nas, wata mai tabarau da duk asibitin ke tsoro, Sista suke ce mata. Na ce, "Ranki ya daɗe, farashi aka sa musu?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Lokaci ne, Baba. In jini ya ƙi tsayawa, ana ɗaure ƙafa ko hannu da wata ɗamara a murɗe ta. In ta daɗe fiye da kima, ƙafar ta mutu. Dole mu san yaushe aka ɗaura. Takarda na ɓacewa, riga ana yagawa, goshi kuwa tare da mai shi yake zuwa. Ɗaga ƙafarka."

Ban ɗaga ba, don idona na kan wani yaro a bakin ginshiƙi. Sifirin da ke goshinsa bakinsa a buɗe yake ta sama, kamar ƙwan da tsako ya fasa. Takwas ɗin kuwa ƙwai biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, ba su taɓa juna ba.

Mutum biyu ne a duniya ke yin takwas haka. Ni na koya wa ɗayan, da sabulu a kan madubin shagona, yana tsaye a kan kujerar aski. Malamansa sun dake shi har sun gaji, ƙwan nan bai haɗu ba.

Talata, da magariba

Na ce wa Gwamnati na ga rubutunsa. Na zana mata a ƙasa da tsinke. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wanda ya rubuta da safe, yana da rai da safe."

Na ce, "Kin ga amfanin auren mai ilimi."

Ta ci abinci. Rabon da in ji ƙarar cokalinta a kwano har na manta.

Laraba, da azahar

Wankin ciwo. Na ga ƙwai a goshi biyu.

Alhamis, da azahar

Ƙwai. Tun daga ƙofa take tarata yanzu, "Akwai ƙwai yau?" Maƙwabciya ta ji, ta aiko a sayar mata da na ɗari biyu.

Asabar, da la'asar

Sista ta ce ciwon ya yi kyau, daga yanzu sai bayan kwana uku uku zan riƙa zuwa. Ban taɓa jin haushin lafiyata irin na yau ba.

Litinin, da hantsi

Ciwon ya dawo ɗanye. Ikon Allah.

Laraba, da la'asar

An kama ni.

Sista ta kwance bandejin da kanta, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce, "Baba, wannan ciwon naka da baya da baya yake tafiya?"

Na ce, "Jinin tsufa ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Jinin tsufa mai haƙora a jere? Wannan sawun mataji ne. Kana son a yanke ƙafar ne? Ka duba baranda, akwai masu neman ƙafa, kai kana wasa da taka."

Na nemi barkwanci a aljihu, babu ko ɗaya. Sai na faɗa mata. Madubi, sabulu, ƙwai, duka. Na zaci za ta kira masu gadi. Ta gama naɗe ƙafar, ta ɗaure da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Ta ce, "Askin ka iya shi, ko shi ma kamar hawan rufin ne?"

Na ce, "An tambayi kifi ko ya iya iyo."

Ashe mai share musu gashi kafin ɗinki da tiyata an tura shi wani wuri. Ta ce in zo da kayana gobe, za su dafa su a tukunyarsu. Sharaɗi: ba tambaya, ba kuka, ba kai labari waje. Kuma ba na goge goshin kowa sai ta kwafi lokacin ta ɗaga mini kai.

Ta ce, "Matajin kuma ya tsaya a ka."

Juma'a, da la'asar

Na samu aikin gwamnati a tsufana, ba albashi. Na faɗa wa Gwamnati, ta ce dama na saba.

Aikin ba irin na shago ba ne. A shago mutum na zaune yana yi maka gardamar ƙwallo. A nan yana kwance, gashin ya kame da jini da ƙasa, sai ka jiƙa da ruwan ɗumi ka bi a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Wasu suna kiran uwarsu. In ce musu tana hanya. Ƙaryar mai aski ba ta da zunubi, mu da muke ce wa mai sanƙo gashinsa na dawowa.

Ƙwai uku yau.

Lahadi, da azahar

Wani Saje mai rauni a ƙeya ya farfaɗo ina tsakiyar share masa kai. Ya ce, "Baba, kai kuma daga ina?"

Na ce mai aski ne. Ya juyo da ido yana duban hancina. Sai ya fara dariya har ɗinkin cikinsa ya hana shi.

Ya ce, "Wallahi hancin ne. Kai ne baban Ɗan Mai Aski!"

Ashe sunan da suke kiransa ke nan a can. Saje ya ɗaga murya, "Kai jama'a, ga mai askin nan ya zo da kansa!" Aka fara ɗago kawuna daga gadaje. Wani ya ce, "Baba, ina bin ka aski." Wani ya ce shi ma. Wani da ba ya iya magana ya ɗaga yatsa.

Abin da yaron nan yake yi ke nan. Duk wanda ya ɗauko, yana murɗa ɗamara yana ce masa, "Riƙe ranka har asibiti, kada ka yi asara. Babana mai aski ne, na yi maka alkawarin aski kyauta har ƙarshen rayuwarka." Na ce ɗan banza, ya raba gadona tun ina raye.

Na karya dokar Sista, na yi tambaya. Saje ya ce inda aka harbe shi fili ne kamar faranti, ba ko tudun tururuwa. Wanda ya ɗaga kai ya tafi. Yana kwance yana kallon sama, ya gama sallama da duniya, sai ya ji ana jan takalminsa. Yaron ne, ya zo da jan ciki, jaka a baya, igiya a ƙugu. Ya ɗaure shi, ya rubuta, ya mirgina shi a kan tamfol, ya ja shi kamar jaki da amalanke. Ƙasa na tashi a gefensu, shi kuwa yana ba shi labarin ranar da wuta ta ɗauke na bar wani ango da rabin kai. Da ya kai shi bayan mota, ko ruwa bai sha ba, ya koma.

Saje ya ce, "Har kwamanda ya yi masa tsawa ya tsaya. Ya ce, ranka ya daɗe, akwai kwastoman babana a can."

Labarin angon nawa ne, kuma bai ba da shi daidai ba. Ba wuta ce ta ɗauke ba, kilifa ce ta ƙone.

Lahadi, da magariba

Gwamnati ta ce me suka ce. Na ce sun ce yana cikin tanti can baya, inda ko ƙara ba a ji, kawo masa su ake yi yana rubutu kamar akawu. Ta ce madalla, dama tun yana yaro ba shi da rawar kai.

Talata, da azahar

Allah wadan ƙarfe sha ɗaya da minti sha ɗaya. Mutum ɗaya aka kawo da rubutu yau, kuma duk sanduna ne. Sanda ta kowa ce. Na duba ta dama, na duba ta hagu, har Sista ta ce ko zan aure shi ne.

Na ce wa Gwamnati hannunsa ne. Mai yiwuwa ma haka ne.

Laraba, da azahar

An kawo da yawa. Rubutu mai kyau, sifiri a rufe ruf, takwas mai ƙugu kamar na littafi. Duk wanda ya yi shi ya gama makaranta. Allah ya yi masa albarka. Ban taɓa ƙin kyakkyawan rubutu irin yau ba.

Laraba, da magariba

Na shiga gida ina waƙa. Na ce ƙwai har kwando.

Alhamis

Babu. Na ce akwai.

Juma'a

Babu. Na ce akwai, har na ƙara da cewa alƙalaminsa sabo ne.

Lahadi, da la'asar

Na buɗe shago don kada ƙura ta cinye kujera. Tela ya leƙo da tef a wuya, ya ce, "Likitan kawuna, yaya wajen naku?" Na ce lafiya lau. Ya zauna na gyara masa gemu. Can ya ce, "Ka san ka aske gefe ɗaya sau biyu?"

Na ce sabon yayi ne.

Ya riƙe mini hannu. Mu da muka shekara muna zagin juna ta katanga, yau ya riƙe mini hannu. Na ce ya sake ni kada mutane su ce bashi nake ci.

Madubin na nan. Na goge shi, ban san dalili ba, ba datti a jikinsa.

Talata, da azahar

Babu. Saje an sallame shi, ya ce zai zo karɓar askinsa. Na tambayi sababbin ko sun san Ɗan Mai Aski. Wani ya ce su daga wani ɓangare suke. Wani ya ce ya ji an datse hanyar da ke zuwa wajen su, ba shiga ba fita. Sista ta ji ni. Ba ta yi faɗa ba. Na fi son ta yi.

Laraba

Na ce akwai.

Alhamis, da la'asar

Na gani.

Bari in rubuta a hankali.

Mota ɗaya ce ta shigo da hantsi, gilashinta a farfashe, an cusa mutane kamar itace. Na huɗu da aka sauke wani Kofur ne, ƙato, ɗamara a cinyarsa ta dama, kansa a fashe ta gefe. A goshinsa ga ƙwai, manya, sun karkace kamar an rubuta a kan jaki yana tafiya. Amma bakin sifirin a buɗe. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har wata nas ta juyo.

Sista ta kwafi lokacin, ta ce in share gefen kan, tiyata za a shiga da shi. Na jiƙa auduga. Idonsa biyu. Na ce, "Sannu ɗana. Kai ma an yi maka alkawarin aski ko? Ga shi tun ba ka tambaya ba."

Ya dube ni. Ya dubi hancin. Ya rufe ido, ruwa ya gangaro ya shiga kunnensa.

Ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Na ce, "Me ka ci nawa?"

Ya ce kowane soja da ɗamararsa a aljihun kafaɗa. Doka ce, ta mai rauni ake ɗaura masa. Ta mai ɗauko masu rauni, irin yaron nan, ba a taɓawa, ta ransa ce, don in ya faɗi ba mai ɗaure sauran. Kwana da kwanaki suna kewaye, na jakar yaron duk sun ƙare. Shi Kofur tasa ya ba wani tun shekaranjiya. Yau da asuba da aka samu hanya ta buɗe, abu ya faɗo a tsakiyarsu. Ya same shi a cinya. Ya samu yaron ma a cinya.

Ya ce, "Na ga ya yage hannun rigarsa ya ɗaure tasa da shi. Sannan ya buɗe aljihun kafaɗarsa. Na ce kada ka yi, wallahi na ce kada ka yi. Ya ce, yi shiru, kai ka fi ni jini, asararka ta fi yawa."

Motar ba ta ɗauki kowa da kowa ba. Akwai uku da ba a iya ɗagawa sai an zo da gado. An ce yaron ya hau, ya ce wa zai zauna da su. Direba ya yi rantsuwa zai dawo.

Kofur ya ce, "Da muka tashi yana zaune ya jingina da taya, yana yi musu magana. Da ransa, Baba. Da ransa na bar shi."

Na ce, "To ai shi ke nan. Hannun riga ma ɗauri ne. Tela maƙwabcina ya ce yadin sojoji ba ya yagewa."

Tela bai taɓa faɗin haka ba.

Na gama share kan. Saura goshi. Sista ta ɗaga mini kai. Na tsaya da auduga a hannu. Ta sake ɗaga kai. Ta ce a hankali, "Baba, ana jiransa a ciki. Ko in goge?"

Na ce a'a, aikina ne. Tawadar nan ba ta fita da sauƙi, sai an dirza. Na dirza.

Alhamis, da magariba

Na shiga gida ban ce komai ba. Na zauna a bakin gado ina kwance takalmi. Gwamnati ta tsaya a kaina, ta daɗe. Sai ta tafa hannu.

Ta ce, "Yau ka gani!"

Na ɗago.

Ta ce, "Kai Malam, shekara nawa muna tare? Ran da ka gani, shiru kake shigowa kamar wanda ya ɗauko ruwa a faranti. Ran da ba ka gani ba, tun daga bakin titi nake jin waƙarka. Duk kwanakin nan na san babu. Na ƙyale ka ne don kada ka ji kunya. Faɗa mini, ka gani ko?"

Na ce, "Na gani."

"Na yau?"

"Na yau da asuba."

Ta durƙusa a nan tsakar ɗaki ta yi godiya ga Allah, tana kuka tana dariya. Ta ce dama jikinta ya ba ta. Ta tashi ta dafa shayi mai madara, ta zuba mini sukari cokali uku, ita da ke ɓoye mini gwangwanin.

Ban yi mata ƙarya ko ɗaya ba yau. Na sha shayin.

Juma'a, da azahar

Direban ya cika alkawari. Masu jinya biyu, abokan aikin yaron, suka bi shi, suka shiga da gadaje ana ruwan wuta, suka fito da ukun nan. Duka uku da ransu.

Bayan lambar ɗamara, akwai wasu lambobin a goshinsu, ƙanana, a jere zuwa ƙasa. Wata nas ta ce lokacin allurar kashe zafi ne, duk wadda aka yi sai a rubuta don kada a maimaita. Na bi su da ido kamar mai karanta jarida. Hantsi. Azahar. Rubutun na ƙara girma yana ƙara karkacewa. Ya kai la'asar yana aiki.

Na ukun, wani siriri da aka naɗe wa ciki, lambarsa ta ƙarshe biyu ce kawai. Akwai awa, babu minti. Daga nan layi ya ja ya gangara ta kan gira.

Sista ta zo da takardarta tana sauri. Ta ce, "Wane ne wannan mai rabin aiki? Ta yaya zan san..." Sai ta ga takwas ɗin. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta daɗe tana gogewa.

Akwai gado na huɗu. Ba a baranda aka sauke shi ba, ta baya aka zagaya da shi.

Na yi musu aski su ukun. Siririn ya ce an yi masa alkawari. Na ce na sani.

Juma'a, da magariba

Na shiga shiru don ba ni da abin cewa. Ta yi murmushi ta ce, "Yau ma?" Na ɗaga kai. Ai na gani.

Ta wanke zanen gadonsa, ta shanya.

Asabar, da hantsi

An kira ni zuwa wani ɗan ofis a bayan ɗakin magani. Wani hafsa ne da hula a hannu, da ɗaya daga masu jinyar da suka koma, wani gajere mai bandeji a wuya. Shi ne mai kyakkyawan rubutun nan, na gane da ya sa hannu a takarda. Na ce masa rubutunsa ya yi kyau. Ya fashe da kuka. Ni na rarrashe shi, abin kunya, soja guda.

Ya ce sun sami yaron a zaune, alƙalami a hannu ba murfi. Ya ce shi ya goya shi har mota, bai yarda a ja shi a tamfol ba.

Sun kai ni na gan shi. Gashinsa ya yi yawa. Goshinsa ba rubutu.

Hafsan ya yi maganganu masu kyau, irin waɗanda ake sa wa a firam. Ya ce bisa ƙa'ida yau za su je gida su sanar da mahaifiyarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa roƙon soja komai ba sai hanya. Ka ara mini yau. In ta ga kakinku a ƙofa kafin ta ji daga bakina, ba za ta sake yarda da shiruna ba, ba ta kuma yarda da maganata. Gobe da safe ku zo."

Ya dubi Sista. Sista ta ce, "A ba shi."

Kafin in fito na roƙi ruwan ɗumi. Na gyara masa kai da gemu yadda yake so, ƙasa ƙasa a gefe. Bai yi mini gardama ba ko sau ɗaya.

Asabar, da la'asar, a shago

Ashe duk kwanakin da nake mata ƙarya yana da rai. Sai da na fara faɗin gaskiya.

Na rufe ƙofa rabi, na tsaya gaban madubi ina gwadawa. Na ce, "Gwamnati, zauna." Bai yi ba, wannan sunan na wasa ne. Na kira ta da sunanta na gaskiya, ya fito baƙo a bakina kamar na matar wani. Na ce, "Haƙuri za mu yi." Wanda ke cikin madubin ya dube ni kamar ya ce, kai ɗin?

Tela ya leƙo, ya ga fuskata, ya cire hularsa. Ya ce ko ya raka ni. Na ce a'a, ya dai ce wa matarsa ta zauna kusa, in ta ji ƙara ta shigo.

Dare biyu ta yi barci har da minshari. Ni na ranto mata su, ba da saninta ba, kuma daga wajenta za a cire. Bashi hanji ne, in ji mutane, yana cikin kowa. Nawa yau ya taso har wuya.

Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙofa. In na shiga da waƙa, ta san babu. In na shiga shiru, za ta tafa hannu. Hanya biyu kaɗai na iya ta shiga gidana, kuma duk ta karance su.

Ta aiko a ce abinci na hucewa, wai ta yi wanda yake so don in ci a madadinsa.

Bari in rufe shagon.